Yadda Zaiba Ta Bar Asibitocin Amurka

A ranar 24 ga Yuni, 1998, Ƙungiyar Asibitocin Amurka da Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar, wadda aka fi sani da EPA, suka rattaba hannu a kan wata takardar fahimtar juna. Takardar ba ta da ƙarfin doka. Babu tara a cikinta, babu barazanar rufe asibitin da ya yi biris da ita. Alkawura uku kawai ta ƙunsa: kafin shekarar 2005 asibitoci za su kawar da kusan dukkan zaiba daga sharar da suke zubarwa, za su rage yawan sharar kanta da kashi 33 cikin 100 kafin 2005, da kashi 50 kafin 2010, sannan za su zaƙulo sauran sinadarai masu guba da ke cikin kayan aikinsu domin a rage su.

Duk wanda ya san makomar alkawarin da ba shi da mai tilastawa zai zaci takardar za ta ƙare a aljihun tebur. Sai ga shi alkawarin farko ya cika, har ya zama abin koyi a wasu ƙasashe. Na biyun kuwa bai samu irin wannan nasara ba. Takarda ɗaya, mutanen da suka sa hannu ɗaya, amma sakamako biyu. Sanin abin da ya raba su shi ne amfanin waiwayar wannan tarihi.

Ƙarfen da ke gudana kamar ruwa

Zaiba, wadda likitoci da masu haƙar zinariya suke kira makuri, ita ce ƙarfen nan mai ƙyallin azurfa da ke zama ruwa-ruwa a zafin ɗaki. Tana kumbura daidai gwargwadon zafin da ya taɓa ta, ba ta manne wa gilashi, ga ta da nauyi ƙwarai. Waɗannan halaye su suka sa masu awo suka ƙaunace ta. A 1714 Daniel Fahrenheit ya ƙera ma'aunin zafi mai zaiba. A 1867 likitan Ingila Thomas Allbutt ya fito da gajeren tsinken awon zafin jiki wanda likita zai iya sawa a aljihu. A 1896 ɗan Italiya Scipione Riva-Rocci ya ƙera na'urar awon jini mai dogon gilashin zaiba, a 1905 kuma Nikolai Korotkoff na Rasha ya nuna yadda ake sauraren bugun jijiya da ita. Har yau, idan aka ce jinin mutum 120 bisa 80 ne, tsawon da zaiba take hawa a cikin gilashi ake nufi, ko da na'urar da aka yi awon da ita ba ta ɗauke da ko ɗigo.

A tsakiyar ƙarni na 20 zaiba ta ratsa ko'ina a asibiti. Tsinken awon zafi guda yana ɗauke da rabin giram zuwa giram ɗaya, na'urar awon jini kuwa wajen giram 100. Akwai ta a cikin bututun roba masu nauyi da ake buɗe maƙogwaron da ya tsuke da su, da batura, da dogayen ƙwayayen lantarki, da makunnan tukunyar ruwan zafi, da ruwan da ake tsoma tsokar da aka yanko don gwaji, da cikon haƙori. Gilashi kuwa ba ya rabo da fashewa. Idan tsinke ya faɗi, a share ɗigon a zuba a kwandon shara ko a kora shi cikin magudana, a ci gaba da aiki.

Duniya ta riga ta ga abin da zaiba take yi idan ta shiga ruwa. A ranar 1 ga Mayu, 1956, aka kai wa hukumar lafiya ta garin Minamata a Japan rahoton wata baƙuwar cuta mai lalata jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Masana'antar Chisso ce take zubar da ruwan datti mai zaiba a gaɓar tekun da mutanen garin suke kamun kifi. Sai a 1968 gwamnatin Japan ta amsa hakan a hukumance, daga baya kuma aka tabbatar da cutar a jikin mutum fiye da 2,000. Ko zaibar da ta tashi cikin hayaƙi ma hanyarta ruwa ce: tana saukowa da ruwan sama, ƙwayoyin halitta da ke cikin laka su mayar da ita wani nau'i mafi dafi, ƙananan kifaye su ci, manya su ci ƙanana, dafin yana ƙara taruwa a kowane mataki. Wanda ya fi kowa cutuwa shi ne ɗan tayin da ƙwaƙwalwarsa take ginuwa a cikin mahaifiyar da ta ci kifin. Duk da haka, shekaru da yawa idon jama'a yana kan masana'antu ne. Ba wanda ya kalli asibiti.

Allurai a bakin teku, hayaƙi a sama

A bazarar 1987 da ta 1988 igiyar ruwa ta riƙa watso sirinji da kwalaben jini a bakin tekun jihohin New Jersey da New York, har aka rufe wuraren shaƙatawa. Lokacin tsoron cutar ƙanjamau yana kan ganiyarsa. Majalisar dokokin Amurka ta yi gaggawar kafa dokar bin sawun sharar asibiti a 1988, shiri na gwaji a wasu jihohi ƙalilan wanda wa'adinsa ya ƙare a 1991, jihohi kuma suka ƙara nasu dokokin.

Asibitoci suka tsorata, suka koma jefa kusan komai cikin jar leda, wato ledar sharar da ake zaton tana ɗauke da ƙwayar cuta. Takardu, kwalaye, ledar ƙarin ruwa, fasasshen tsinken awo, duk a jar leda, jar leda kuma sai tanderun ƙona shara, wanda dubban asibitoci suke da nasu a bayan gini. An gudu daga ƙwayar cuta an faɗa wa wata masifar. Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta iya cinye zaiba, domin zaiba tana tafasa a zafin digiri 357, tanderu kuwa ya ninka haka. Sai ta zama tururi ta fita ta bututun hayaƙi. Ledar ƙarin ruwa da bututunta kuma da robar PVC ake yin yawancinsu, wadda ke ɗauke da sinadarin kulorin, ƙona ta kuwa kan haifar da dayokzin, gubar da ake dangantawa da ciwon daji.

A 1994 EPA ta fitar da daftarin bincikenta a kan dayokzin, ta sa tanderun asibitoci a sahun gaba na wuraren da gubar take fitowa. A watan Disambar 1997 ta miƙa wa majalisa rahotonta a kan zaiba, inda ta nuna cewa waɗannan tanderu su ne na huɗu wajen watsa zaiba a iskar Amurka, da kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da ayyukan mutane suke fitarwa. Abin ya zama abin kunya ga sana'ar da ke alfahari da cewa farkon farillanta shi ne kada ta cutar. A kan wannan kunya aka kafa ƙungiyar Health Care Without Harm a 1996, wadda Gary Cohen da ma'aikaciyar jinya Charlotte Brody suke cikin waɗanda suka assasa ta. Ta tara ma'aikatan jinya da likitoci da masu fafutukar muhalli da mazauna unguwannin da ke shaƙar hayaƙin.

Wata tara kafin a sa hannu a takardar fahimtar juna, wato a watan Satumbar 1997, EPA ta fitar da ƙa'idojin hayaƙi na farko da suka hau kan tanderun asibitoci, kamar yadda gyaran dokar tsabtar iska na 1990 ya wajabta mata. Duk mai tanderu sai ya sa masa na'urorin tace hayaƙi masu tsada, ko ya kashe shi. A riƙe wannan kwanan wata, domin ba za a fahimci 1998 ba sai da shi.

Darasin Boston

Kafin yarjejeniyar ƙasa baki ɗaya, an yi wani gwaji a birnin Boston. Hukumar ruwa ta jihar Massachusetts, MWRA, wadda aka ɗora wa aikin tsabtace gaɓar tekun birnin, ta haramta zubar da zaiba a magudana, tana kuma hukunta duk wanda ruwan dattinsa ya wuce kashi 1 cikin biliyan. Manyan asibitocin koyarwa na unguwar Longwood suka riƙa faɗuwa wannan gwaji, su kansu kuma ba su san ta ina zaibar take fitowa ba.

Hukumar tana da ikon ta yi ta cin su tara. Maimakon haka, a 1994 ta zauna da MASCO, ƙungiyar da ke haɗa asibitocin unguwar, suka kafa kwamitin aiki: hukuma za ta sassauta hukunci na wani lokaci, asibitoci kuma za su buɗe ƙofofinsu a bi diddigi. Abin da aka gano ya ba kowa mamaki. An samu burbushin zaiba a cikin sinadaran ɗakin gwaje-gwaje waɗanda takardar jikinsu ba ta ambace ta ba, da wasu ruwan wanke-wanke, domin masana'antun da suka yi su sun yi amfani da zaiba wajen sarrafa sinadaran asali. An samu tsohuwar zaiba kwance a lanƙwasar bututun ƙarƙashin wurin wanke hannu, tana tsatsafowa a hankali shekaru bayan wanda ya zubar da ita ya bar aiki. Kwamitin ya tattara sunayen kayayyakin da aka gwada da adadin da aka samu a kowanne, ya raba wa kowa.

Sufeto mai littafin tara ba zai taɓa gano wannan shi kaɗai ba, domin ilimin yana hannun mai gwajin jini da mai gyaran famfo da mai sayo kaya. Su kuma da ba a sa musu iyakar kashi 1 cikin biliyan ba, da ba su tsuguna sun leƙa cikin bututu ba. Hukumar ta ciza, ta kuma hura, kowanne a lokacinsa.

Aikin da ya biyo bayan sa hannu

Daga takardar 1998 aka haifi shirin da ake kira H2E a taƙaice, wato asibitoci domin lafiyayyen muhalli. Daga baya Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya ta Amurka da Health Care Without Harm suka shiga a matsayin abokan tafiya. Haɗin ya zo da ban mamaki: masu asibiti, da hukumar da ke sa musu ido, da ma'aikatansu, da masu sukarsu, duk a tabarma ɗaya.

Aikin kansa ba shi da armashi. Asibitin da ya shiga zai bi ɗaki-ɗaki ya ƙirga duk abin da ke ɗauke da zaiba. Zai rubuta ƙa'idar sayayya da ta hana shigo da sabo. Zai musanya tsofaffin tsinkaye da na lantarki, na'urar awon jini da mai allurar agogo ko mai batir, bututun maƙogwaro da masu cikon ƙarfen tangistan. Zai koya wa masu shara da ma'aikatan jinya abin da ya cancanci jar leda da wanda bai cancanta ba. Shirin ya samar da littattafan jagora, da hanyar da ma'aikacin wani asibiti zai tambayi takwaransa na wata jiha yadda ya warware matsala, da lambar yabo ga asibitin da ya kai ga rabuwa da zaiba.

An sha gardama, musamman a kan na'urar awon jini. Likitocin zuciya da yawa sun ɗauki mai zaiba a matsayin ma'aunin da ake gwada sauran ma'aunai da shi, suna tsoron kuskuren awo ya sa a ba mai lafiya magani ko a sallami mai hawan jini. Tsoron yana da tushe, domin na'ura mai allura takan kauce idan ta sha faɗuwa. A 2001 masu bincike na asibitin Mayo suka wallafa sakamakon da ya nuna cewa irin waɗannan na'urori suna ba da awo daidai muddin ana duba su a kai a kai. Gardama ta koma kan tsarin kula da kayan aiki, abin da kowane asibiti zai iya shiryawa.

Daga nan kasuwa ta juya. Asibitocin Amurka suna sayen kaya ta hannun wasu manyan ƙungiyoyin sayayya ƙalilan, da waɗannan suka fara cire kayan zaiba daga jerin abin da suke kawowa, masu ƙerawa suka bi. Birnin Duluth na jihar Minnesota ya haramta sayar da tsinken awo mai zaiba a 2000, wasu birane da jihohi suka bi sahu. A 2001 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci likitoci da iyaye su daina amfani da shi. Manyan shagunan magani suka janye shi daga kanta, asibitoci kuma suka riƙa ware ranakun da jama'a za su kawo tsohon tsinkensu a ba su na lantarki. A 2005 wani bincike na Ƙungiyar Asibitoci ya nuna cewa kashi 97 cikin 100 na asibitocin da suka amsa sun san matsalar kuma sun ɗauki mataki. Adadin na waɗanda suka ga dama suka amsa ne, amma kantunan da suka wofinta sun gaskata alƙiblarsa. A 2006 H2E ta zama ƙungiya mai cin gashin kanta, a 2008 kuma ta narke cikin Practice Greenhealth.

Abin da ya riƙe alkawarin

Abu huɗu ne suka haɗu a kan zaiba. Na farko, doka tana tsaye a bayan ƙofa. A 1997 akwai tanderun sharar asibiti kimanin 2,400 a Amurka. Lokacin da EPA ta ƙara tsananta ƙa'idojin a 2009, saura 57. Zaibar da irin waɗannan tanderu suke fitarwa ta ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 tsakanin 1990 da 2005, kaso mafi tsoka na wannan raguwa kuwa aikin dokar 1997 ne. A farkon shekarun 2000 ma ofishin EPA mai kula da New York da New Jersey ya gayyaci asibitoci su binciki kansu su kawo rahoton laifinsu a rage musu tara, waɗanda suka ƙi kuma aka aika musu sufetoci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Na biyu, akwai madadi a kasuwa wanda ke yin aikin. Na uku, lissafin kuɗi ya goyi bayan canjin: kwashe zaibar na'urar awon jini guda da ta fashe kan ci dubban daloli, a kuma rufe ɗaki, zubar da jar leda kuwa ya ninka na sharar yau da kullum sau da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba ta da wani haɗari, saboda haka duk asibitin da ya koyi rarrabewa ya ga ragi a kashe kuɗinsa. Na huɗu, burin yana ƙirguwa. Tsinke ko yana cikin aljihun tebur ko babu shi, kuma idan aka fitar da shi sau ɗaya an gama.

Alkawarin rage shara da rabi bai samu waɗannan ginshiƙai ba. Babu dokar da ta sa wa asibiti iyakar sharar da zai fitar. Kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar, daga rigar tiyata zuwa almakashi, ƙaruwa suka yi ta yi, domin suna da arha a wurin saye, suna kuma kwantar da hankalin masu tsoron yaɗuwar cuta. Aikin ba ya ƙarewa, sai an sabunta shi kowace safiya da kowane sabon ma'aikaci. Asibitoci ɗaiɗaiku sun yi abin yabo, amma Practice Greenhealth kanta tana ƙiyasta cewa asibitocin Amurka suna fitar da fiye da tan miliyan 5 na shara a shekara.

Labarin likitocin haƙori ya ƙara fito da wannan fili. Kusan rabin cikon haƙori mai launin azurfa zaiba ce, burbushinsa kuma yana bin ruwan kurkure baki zuwa magudana. A watan Disambar 2008 EPA ta sa hannu a kan irin waccan takarda da Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka, domin su sa na'urar tace burbushin da ra'ayin kansu. Amma a nan likita ne zai sayi na'urar ya kuma biya kuɗin kula da ita, ba tare da ta rage masa ko kwabo ba, ga su kuma dubbai barkatai a ƙananan ofisoshi. Karɓuwar ba ta gamsar ba. A 2017 hukumar ta mayar da abin doka, ta ba da wa'adi zuwa watan Yulin 2020.

Daga takarda zuwa yarjejeniyar duniya

Abin da asibitocin Amurka suka tabbatar, tare da ƙasashe irin su Suwidin da suka riga su haramta tsinken zaiba tun farkon shekarun 1990, shi ne cewa ana iya jinyar mutane lafiya lau ba tare da ita ba. Wannan hujja ce ta yi tafiya. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsayarta a kan zaiba a harkar lafiya, a 2008 kuma ta haɗa kai da Health Care Without Harm a wani shiri na duniya. Filifin ta ba asibitocinta umarnin janye kayan zaiba a 2008, Ajantina ta bi a 2009. A watan Oktoban 2013 aka amince da Yarjejeniyar Minamata a birnin Kumamoto na Japan, ta fara aiki ranar 16 ga Agusta, 2017, ta kuma sa 2020 a matsayin wa'adin daina ƙerawa da shigo da tsinken awon zafi da na'urar awon jini masu zaiba. Najeriya da Nijar da Ghana duk suna cikin ƙasashen da suka amince da ita.

Yarjejeniyar ta tsare ƙofar shigowa ne. Kayan da suka riga suka shiga suna nan a ɗakunan jinya da rumbunan ajiya, kuma tambayoyin da Boston ta fuskanta a 1994 suna jiran kowace ƙasa: wa zai ƙirga su, da me za a musanya su, wa zai riƙa duba sababbin na'urori don kada awo ya kauce, ina za a adana zaibar da aka tattara, tunda ba ta ruɓewa kuma ba ta ƙonewa. Waɗannan ayyuka ne da sai da yardar ma'aikatan asibiti suke yiwuwa. Tarihin 1998 ya nuna cewa yardar takan samu cikin sauƙi idan asibiti ya ga madadi a gabansa, ya ga ragi a lissafinsa, ya kuma tabbata cewa hukumar da ke zaune da shi a tabarma tana da ikon miƙewa ta rubuta tara.